Daga Jakar Wasiƙunku: Tarihin Jakadun Amurka a Nijeriya

 Kamar yadda muka saba, abin da muka karanta a rediyo shi muke bugawa a wannan shafi, domin wanda bai sami ji ba, ko wanda batir ya yi wa tsiya a tsakiyar shiri. Wannan mako takarda ɗaya tak za mu ɗauka, saboda amsarta tana da ɗan tsawo.

TAMBAYA: Takardar ta fito ne daga wani malamin makarantar firamare a Funtuwa. Ga abin da ya ce: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina so ku ba ni tarihin jakadun da ƙasar Amurka ta aiko Nijeriya tun daga samun mulkin kai. Su nawa ne, kuma wa ya fara zuwa? Sa'an nan muna da wata gardama a majalisarmu ta bakin tasha. Wasu sun ce jakadan Amurka ɗan leƙen asiri ne, kuma shi ke naɗa mana shugabanni. Wasu kuwa sun ce ba abin da yake yi sai buga biza da cin liyafa. Ina gaskiyar take?"

AMSA: To malam, mun gode da wannan tambaya, Allah ya ƙara ilimi. Kafin mu shiga lissafi bari mu fara da ita kanta kalmar. A ƙasar Hausa ta dā, jakada shi ne wanda sarki ko hakimi ke aikawa ƙauyuka ya kai umarni, ya karɓo haraji, ya kuma dawo da labarin abin da ya gano. Jakadiya ita ce mai wannan aiki a cikin gidan sarki. Jakadan zamani bai yi nisa da wannan ba: shi ne bakin ƙasarsa a wata ƙasa, shi ne kuma kunnenta. A tsarin Amurka shugaban ƙasa ne ke zaɓen mutum, ƙasar da za a tura shi ta ce ta yarda, Majalisar Dattawa ta tantance shi, kana ya zo ya miƙa takardun kama aiki. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta hana a kama jakada ko a kutsa ofishinsa, amma ta ba kowace ƙasa ikon ta ce wa jakada ya tattara nasa ya nasa ya tafi, ba tare da ta faɗi dalili ba.

Daga 1960 zuwa 2024 Amurka ta aiko jakadu 21 Nijeriya, ka ga ke nan kowannensu yakan yi kamar shekara uku. Biyu daga cikinsu mata ne, huɗu baƙar fata ne, kuma kusan dukansu mutane ne da suka taso a aikin hulɗar jakadanci tun suna ƙananan ma'aikata. In ka bi tarihinsu za ka lura da abu ɗaya. Yawancinsu sun zo sun tafi talaka bai ko ji sunansu ba. Waɗanda sunansu ya fito kuwa, duk sun zo ne a lokacin da gidanmu ya rikice. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Ka riƙe wannan karin magana, za mu dawo gare ta.

Kafin mulkin kai, ƙaramin ofishin jakadanci kawai Amurka ke da shi a Ikko, domin a lokacin harkokin wajen Nijeriya suna hannun Ingila. Ranar 1 ga Oktoba 1960 aka ɗaukaka shi ya zama cikakken ofishin jakadanci, kuma gwamnan jihar New York, Nelson Rockefeller, shi ya wakilci Shugaba Eisenhower a wajen bikin. Jakada na farko shi ne Joseph Palmer, wanda ya yi daga 1960 zuwa 1964. Zamaninsa zamanin amarci ne. A watan Yuli 1961 Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kai ziyara Washington, ya gana da Shugaba Kennedy, ya kuma yi jawabi a Majalisar Wakilai. Amurka ta yi alkawarin Dala miliyan 225 domin shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968. Jami'ar jihar Michigan ta taimaka wajen kafa jami'ar Nsukka, ta jihar Kansas kuma ta aiko malamai fannin aikin gona da likitancin dabbobi a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Har a Kano an kafa tashar bin sawun kumbo, ɗaya daga cikin waɗanda suka bi John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya a watan Fabrairu 1962.

Amma ko a cikin amarcin an ɗan sami ɓacin rai. A watan Oktoba 1961 wata budurwa daga cikin 'yan sa-kai na ƙungiyar Peace Corps da aka kawo Badun ta rubuta wa wani abokinta kati tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin bai kai Amurka ba, ya faɗa hannun ɗaliban jami'a, suka buga shi suka rarraba, gari ya ɗauka da zanga-zanga, sai da aka fitar da ita daga ƙasar. Wannan ya nuna wa Amurkawa tun da wuri cewa 'yan Nijeriya suna son taimako amma ba sa ɗaukar raini.

Na biyu shi ne Elbert Mathews, 1964 zuwa 1969, kuma a nan ne bango ya fara tsagewa. Bayan juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, sai na ramuwar gayya ya biyo baya ranar 29 ga Yuli. Sojojin Arewa suka taru a barikin Ikeja, kuma da yawansu abin da ke bakinsu shi ne "a raba", wato Arewa ta ɓalle ta kama gabanta. An kwana biyu zuwa uku ana ja-in-ja. Masu rubuta tarihin wannan lokaci sun nuna cewa cikin waɗanda suka matsa wa Laftanar Kanar Yakubu Gowon da abokansa su janye wannan niyya akwai manyan sakatarorin gwamnati, da jakadan Ingila Sir Francis Cumming-Bruce, da shi Mathews, wanda ya nuna musu a fili cewa ƙasarsa ba za ta goyi bayan ɓallewa ba, kuma kada yankin da ya ɓalle ya sa ran taimakonta. Ranar 1 ga Agusta Gowon ya yi jawabi a rediyo a matsayin shugaban Nijeriya ɗaya. Malam, ka ga wannan ya fi ƙarfin buga biza. Amma ka lura da kyau: ba Mathews ne ya ɗora Gowon ba, sojoji ne suka fitar da shi a tsakaninsu. Jakada ya faɗi abin da za a samu da abin da za a rasa, masu bindiga suka auna suka yanke.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli 1967, gwamnatin Gowon ta nemi sayen makamai, Amurka ta ce ba za ta sayar wa kowane ɓangare ba, tana ganin Nijeriya hurumin Ingila ce. Wannan ya ƙona wa Ikko rai ƙwarai, shi ya sa ta juya wajen Tarayyar Sobiyet ta sayo jiragen yaƙi samfurin MiG. Mathews ya shiga tsaka mai wuya. A Ikko ana ganin ƙasarsa ta yi watsi da Nijeriya ranar buƙata, a can gida kuma, inda hotunan yara masu fama da yunwa a Biyafara suka cika jaridu da talabijin, 'yan majalisa da limaman coci suna zarginsa da zama ɗan koren gwamnatin tarayya. Wanda ke riƙe da sashen Afirka a ma'aikatar harkokin wajen Amurka a waɗannan shekaru kuwa ba kowa ba ne illa Joseph Palmer, jakadan farko. Su biyun sun tsaya a kan Nijeriya ɗaya, kuma har yaƙin ya ƙare a watan Janairu 1970 Amurka ba ta amince da Biyafara a matsayin ƙasa ba, ko da yake ta zuba kuɗi mai yawa wajen kayan agaji.

William Trueheart, 1969 zuwa 1971, shi ya gaji wannan tsamin dangantaka. Bayansa sai John Reinhardt, 1971 zuwa 1975, baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin. A zamaninsa ne mai ya shigo cikin maganar. Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, kuma da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai a 1973, Nijeriya ta ci gaba da sayar mata. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ta zama ta biyu, bayan Saudiyya, cikin masu sayar wa Amurka ɗanyen mai. Daga nan duk jakadan da aka aiko, mai yana sahun gaba a cikin abin da aka ce ya lura da shi.

Na biyar shi ne Donald Easum, 1975 zuwa 1979, kuma ya dace mu ɗan tsaya a kansa. Shi dai Easum shi ne babban jami'in sashen Afirka a Washington, amma bai cika shekara ba Henry Kissinger ya cire shi, saboda yana ganin ya cika jin tausayin baƙar fatar kudancin Afirka. Aka turo shi Ikko. Bai daɗe da zuwa ba Janar Murtala Muhammed ya karɓi mulki ranar 29 ga Yuli 1975. A lokacin ana rikicin Angola: Amurka da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suna bayan ƙungiyoyin FNLA da UNITA, Rasha da Kuba suna bayan MPLA. Da sojojin Afirka ta Kudu suka kutsa Angola, sai Nijeriya ta amince da gwamnatin MPLA a watan Nuwamba 1975. Shugaba Ford ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu matsayin da yake so su ɗauka. Gwamnatin Murtala ta ba 'yan jarida wasiƙar suka buga, ta kuma kira ta cin mutunci. Ranar 11 ga Janairu 1976 Murtala ya tsaya a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa ya faɗa wa duniya cewa Afirka ta girma, ta wuce a riƙa yi mata shifta daga waje.

Wata ɗaya da kwana biyu bayan wannan jawabi, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, su Laftanar Kanar Dimka suka harbe Murtala a kan titin Ikko. Nan da nan zargi ya faɗa kan Amurka da Ingila, ɗalibai suka far wa ofisoshin jakadancinsu da jifa. Jakadan Ingila, Sir Martin Le Quesne, wanda Dimka ya je ofishinsa a ranar yana neman a haɗa shi da Gowon, an sallame shi daga ƙasar a watan Maris. Shi Easum ba a kore shi ba, amma ya ga tashin hankali. Kwana uku bayan kisan, ana gasar tanis a Ikko, zakaran duniya Arthur Ashe yana cikin fili, sai sojoji suka shigo da bindigogi suka tarwatsa wasan, suna faɗan yaya za a yi wasa ƙasa tana makoki. Ofishin jakadancin ne ya ɗauki nauyin kare 'yan wasan har aka fitar da su. A wannan shekara kuma Kissinger ya zagaya Afirka, Nijeriya ta ƙi karɓarsa.

To amma dubi yadda al'amari ke juyawa. Jimmy Carter ya hau mulki a watan Janairu 1977, ya naɗa Andrew Young, abokin gwagwarmayar Martin Luther King, wakilinsa a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kuma sauya murya a kan mulkin wariya. Janar Obasanjo ya je Washington a watan Oktoba 1977, Carter ya sauka Ikko ranar 31 ga Maris 1978, karo na farko da shugaban Amurka mai ci ya kawo ziyarar aiki ta ƙasa da ƙasa a Afirka kudu da Sahara. Jakadan da aka jefi ofishinsa a 1976 shi ne dai ya tsaya a filin jirgi ana taryar shugabansa a 1978. Easum bai canza ba, wanda ya aiko shi ne ya canza. Wannan darasi ne babba a kan aikin jakada: ba shi ke yanke manufa ba, ɗauko ta yake yi.

Daga nan sai a bi da sauri. Stephen Low, 1979 zuwa 1981, ya zo daidai da komawa mulkin farar hula ƙarƙashin Alhaji Shehu Shagari, da tsarin mulki irin na shugaba mai cikakken iko wanda aka kwaikwayo daga Amurka. Thomas Pickering, 1981 zuwa 1983, ya bar Ikko kafin juyin mulkin ƙarshen 1983, daga baya ya zama jakada a Isra'ila, da Majalisar Ɗinkin Duniya lokacin yaƙin Tekun Fasha, da Indiya, da Rasha. Ka riƙe sunansa, zai dawo. Thomas Smith ya yi zamanin Janar Buhari da farkon na Janar Babangida. Princeton Lyman, 1986 zuwa 1989, ya zo daidai da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, wanda Amurka da Bankin Duniya suka yaba, talaka kuwa ya ji a jikinsa. Shi ne daga baya ya zama jakada a Afirka ta Kudu lokacin da aka zaɓi Mandela. Sai Lannon Walker, 1989 zuwa 1992.

William Swing ya yi shekara ɗaya kacal, 1992 zuwa 1993, amma shekarar 12 ga Yuni ce. Kwana biyu kafin zaɓen wata kotu a Abuja ta ba da umarnin a dakatar da shi. Sashen watsa labarai na ofishin jakadancin Amurka ya fitar da sanarwa cewa ɗage zaɓen abu ne da Amurka ba za ta lamunta ba, gwamnati ta fusata ta ba jami'in da ya sa hannu sa'o'i 72 ya bar ƙasa. An yi zaɓe, aka soke shi ranar 23 ga Yuni. Amurka ta dakatar da taimakon soja, ta hana manyan jami'ai biza, kuma a watan Agusta ta dakatar da zirga-zirgar jirage kai tsaye tsakaninta da Ikko a kan dalilin tsaron filin jirgi.

Cikin wannan hali ne Shugaba Clinton ya aiko Walter Carrington, wanda ya fi kowane jakadan Amurka suna a ƙasar nan. Lauya ne baƙar fata, ya fara taka Nijeriya tun 1959 yana saurayi, ya shugabanci Peace Corps a Saliyo da Tunisiya da Senegal, ya kuma taɓa zama jakada a Senegal. Ya kama aiki a watan Nuwamba 1993, 'yan kwanaki kafin Janar Sani Abacha ya karɓi mulki ranar 17 ga wata. Carrington bai iya ɓoye abin da ke ransa ba. Ya riƙa sukar tsare mutane ba shari'a, ƙofarsa kuma a buɗe take ga 'yan adawa na NADECO da masu kare haƙƙin ɗan Adam. Obasanjo da bakinsa ya faɗa cewa a 1995, yana taro a Kopenhagen, Carrington ya aika masa cewa za a kama shi in ya dawo, ya kuma yi masa tayin mafakar siyasa a Amurka. Bai karɓa ba, ya dawo, aka kama shi, aka ɗaure shi tare da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disamba 1997.

Da aka rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan Ogoni takwas ranar 10 ga Nuwamba 1995, Amurka ta kira Carrington gida na ɗan lokaci don nuna fushi, ƙungiyar ƙasashe renon Ingila kuma ta dakatar da Nijeriya. A watan Yuni 1996 aka harbe Hajiya Kudirat, matar Abiola, a Ikko. Jami'an gwamnati suna zargin jakadan da haɗa baki da 'yan adawa, su kuwa Yarabawa suka laƙaba masa suna Omowale, wato ɗa ya dawo gida, balle ma da ya auri wata likita 'yar Nijeriya. A watan Satumba 1997 'yan adawa suka shirya masa liyafar ban kwana a Ikko, 'yan sanda ɗauke da bindigogi suka fasa ƙofa suka tarwatsa taron, jakadan yana zaune a wurin.

Har tituna sai da suka shiga faɗan. Hukumar birnin New York ta sa wa kusurwar da ofishin Nijeriya yake sunan Kudirat Abiola. Gwamnatin Abacha ta rama, ta canza sunan titin Eleke da ofishin jakadancin Amurka yake a Ikko zuwa titin Louis Farrakhan, mutumin da gwamnatin Amurka ba ta ko son jin sunansa. Bayan an koma mulkin farar hula a 1999, gwamnatin jihar Ikko ta sake canza shi zuwa titin Walter Carrington. Ya rasu a watan Agusta 2020 yana da shekara 90.

A nan akwai abin lura guda biyu. Na ɗaya, ba kowa ne ya yaba masa ba, musamman a nan Arewa, inda mutane da yawa suka ga ya wuce gona da iri, ya ɗauki ɓangare a rikicin cikin gida. Na biyu, duk da zafin bakinsa, da kiraye-kirayen da Mandela da 'yan adawa suka yi, Amurka ba ta taɓa daina sayen man Nijeriya ba a zamanin Abacha. Jakada yana faɗa a Ikko, jiragen ruwa suna lodi a Bonny. Kuma Carrington ya tafi ya bar Abacha a kan kujera.

William Twaddell ya gaje shi a ƙarshen 1997. Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni 1998, Janar Abdulsalami Abubakar ya hau. Ranar 7 ga Yuli wata tawagar Amurka ta je ganin Cif Abiola, wanda yake tsare tun 1994, a Abuja. Shugaban tawagar shi ne Thomas Pickering, tsohon jakadan nan da na ce ka riƙe sunansa, tare da Susan Rice da shi Twaddell. Ana cikin magana Abiola ya fara tari, aka ba shi shayi, jikinsa ya rikice, aka garzaya da shi asibiti, rai ya yi halinsa. Mu da muke 'yan makaranta a lokacin ba za mu manta da yadda gari ya yi tsit a daren ba. Likitocin da aka gayyato daga Amurka da Ingila da Kanada sun binciki gawar suka ce ciwon zuciya ne da ya daɗe yana cinsa. Amma har gobe akwai waɗanda maganar kofin shayin nan ba ta fita daga ransu ba, kuma ina jin tana cikin abin da ke ciyar da gardamarku ta bakin tasha.

Clinton ya zo Abuja a watan Agusta 2000, har ya je ƙauyen Ushafa, kuma a shekarar ce ofishin jakadancin ya ƙaura zuwa Abuja, shekara tara bayan gwamnatin tarayya ta ƙaura, na Ikko ya koma ƙaramin ofishi. Ƙaramin ofishin da Amurka ke da shi a Kaduna, inda iyayenmu ke karɓar biza da aron littattafai, tun cikin shekarun 1990 aka rufe shi.

Howard Jeter, 2001 zuwa 2003, da John Campbell, 2004 zuwa 2007, sun yi zamanin Obasanjo na farar hula, lokacin yafe bashin Dala biliyan 18 a 2005 da faɗuwar yunƙurin tazarce a Majalisar Dattawa a watan Mayu 2006. Sai Robin Sanders, 2007 zuwa 2010, mace ta farko, wadda ta yi zamanin rashin lafiyar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. To malam, a nan ne amsar maganar leƙen asiri ta fito fili. A ƙarshen 2010 shafin WikiLeaks ya kwarmata dubban rahotannin sirri na ofisoshin jakadancin Amurka, har da na Abuja da Ikko. Da aka karanta sai aka ga yawancin abin da ke ciki hira ce: minista ya zo cin abinci ya yi gulmar ɗan'uwansa, ɗan siyasa ya kawo ƙarar abokin hamayyarsa, shugaban kamfanin mai ya faɗi abin da ya sani, jakadiya ta rubuta ta aika gida. Ba ta haura katangar kowa ba, da ƙafarsu suka je. Ƙasashe suna da hukumomin leƙen asiri dabam, kuma ba a ɓoye yake ba cewa akan saka jami'ansu a cikin ofisoshin jakadanci, amma shi jakada aikinsa a fili yake: duk abin da ka faɗa masa, ka faɗa wa gwamnatinsa.

Daga Terence McCulley, 2010 zuwa 2013, maganar ta koma kan tsaro. Dalili biyu ne: Boko Haram ta yi ƙarfi, Amurka kuma ta fara tatso mai daga cikin duwatsun ƙasarta, har sayen man Nijeriya ya faɗi warwas a 2014. James Entwistle, 2013 zuwa 2016, ya yi zamanin sace 'yan matan Chibok a watan Afrilu 2014. Amurka ta hana a sayar wa Nijeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, tana kafa hujja da dokarta mai hana ba da makamai ga rundunar da ake zargi da take haƙƙin jama'a. Jakadan Nijeriya a Washington, Farfesa Adebowale Adefuye, ya fito fili ya soki wannan, abin ya zama kamar 1967 ta dawo. Gab da zaɓen 2015 Amurka ta yi gargaɗin hana biza ga duk mai tayar da fitina, magoya bayan Shugaba Jonathan suka ce an ɗauki ɓangare. A zamanin Stuart Symington, 2016 zuwa 2019, gwamnatin Trump ta yarda ta sayar da jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano, waɗanda suka iso a 2021. Mary Beth Leonard, 2019 zuwa 2023, tana cikin jakadun da ministan harkokin waje ya kira ofishinsa a watan Yuni 2021 saboda sun soki rufe Twitter. Bayan tafiyarta kujerar ta yi fiye da shekara a hannun mai riƙo, kafin Richard Mills, na 21, ya miƙa takardunsa a watan Yuli 2024.

To malam, sai ka koma majalisa ka ce da su kowane ɓangare ya kama wani abu ya saki wani. Masu cewa biza da liyafa ne kawai, ka tuna musu da barikin Ikeja a 1966 da titin Eleke. Masu cewa shi ke naɗa shugabanni, ka tambaye su: in haka ne, yaya Murtala ya yi fatali da wasiƙar Ford, yaya aka soke zaɓen 12 ga Yuni bayan Amurka ta yi kashedi, yaya Abacha ya ga tafiyar Carrington? Jakada ɗan aike ne, amfanin ƙasarsa ya zo karewa, kuma ba laifi ba ne, don namu ma abin da muka tura su yi ke nan. Nauyinsa yakan ƙaru ne a ranar da shugabanninmu suka kasa sasanta kansu, kowa ya ɗauki ƙararsa ya kai gidan baƙo. Ka ga mun dawo kan bango da ƙadangare.

Da fatan malam ya gamsu, a kuma gaishe mana da 'yan majalisar bakin tasha da ɗalibanka baki ɗaya. Wanda ya tambaye mu tarihin jakadun Nijeriya a Saudiyya, da mai son sanin bambancin jakada da ƙaramin jakada, takardunku sun iso, ku ƙara haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da rubuto mana, a kuma riƙa rubuta tambaya ɗaya a takarda ɗaya.